Doka Ɗaya Aka Tambaya, Biyu Aka Amsa: Lacca a Kan Ƙaunar Allah da Ƙaunar Maƙwabci

 Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ma'anar ƙauna a bangaskiyar Kirista, ƙaunar Allah da ƙaunar mutane. Kalma ce da kunnenmu ya saba da ita har ta kusa daina yi mana nauyi. Muna rera ta ranar Lahadi, muna raɗa wa 'ya'yanmu mata ita a matsayin suna, muna rubuta ta a jikin mota da ƙofar shago. Hujjar da nake so in kafa a gabanku guda ce. A koyarwar Yesu Almasihu ƙaunar Allah ita ce saiwa, ƙaunar mutum kuma ita kaɗai ce shaidar da ido ke iya gani cewa saiwar tana raye, sannan ba a bar wa mai bi ikon zaɓen wanda zai kira maƙwabci ba. Akwai masu ja da wannan magana, cikin ikilisiya da wajenta, wasunsu kuma jayayyarsu tana da ƙarfi, don haka zan ba su haƙƙinsu.

Mu fara daga inda maganar ta fito. Markus sura 12 ta kai mu Haikalin Urushalima a makon ƙarshe kafin gicciye. Wani malamin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce gaba da dukan dokoki. Tambaya ce da ta dace da malami, domin malaman Yahudawa na baya sun ƙirga dokokin Attaura suka sami 613, hani 365 da umarni 248, kuma duk mai koyarwa yana bukatar ya san wadda sauran ke bi. Yesu ya ɗauko amsa daga Maimaitawar Shari'a sura 6, wurin da aka shaida kaɗaitakar Allah aka kuma umarci Isra'ila ta ƙaunace shi da duk abin da mutum yake da shi, zuciya da rai da ƙarfi. Wannan nassi Bayahude mai ibada yana karanta shi safe da yamma har gobe. Da Yesu ya tsaya nan, ba wanda zai ce amsar ta gaza. Sai ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba, ya ɗauko daga Littafin Firistoci sura 19 umarnin cewa mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa yadda yake ƙaunar kansa. A ruwayar Matiyu sura 22 ya bayyana cewa ta biyun tana kama da ta farin, kuma Attaura da annabawa a kansu suke rataye. Ku kawo hoton ragaya a ɗakin uwargida, ƙwaryar nono tana reto a ciki. Igiya ɗaya ta tsinke, ƙwaryar ta karkace, nonon ya tafi ƙasa, ba ruwansa da cewa sauran igiyoyin suna nan da ƙarfinsu. Mutum ya nemi doka ɗaya ya tafi da biyu, domin a ganin Almasihu ba ya yiwuwa a riƙe guda a saki ɗayar.

Yana da kyau mu buɗe wannan sura ta 19 mu ga abin da ke kewaye da ayar, saboda a nan ne ake gane irin ƙaunar da ake nufi. An ce wa manomi idan ya zo girbi kada ya kwashe gonarsa har gefe-gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba, wannan rabon matalauci ne da baƙo. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kala, ya san tsohuwar da ke bin gonar gyaɗa bayan an cire, da 'yar ƙwaryarta a gefe, tana tona ƙasa da tsinke tana tsintar ƙwaya ɗai-ɗai. Attaura ta ce wannan ƙwayar tata ce tun kafin ta sunkuya. An ce wa mai ɗaukar ɗan ƙwadago kada ladansa ya kwana a hannunsa. An hana zagin kurma, wanda ba zai ji ba balle ya rama, an hana sa wa makaho abin tuntuɓe. An hana alƙali karkata, ko don tausayin talaka ko don ganin girman mai hali. An hana yawo da tsegumi, an hana tauye mudu da murɗe sikeli. A aya ta 34 kuma aka maimaita umarnin ƙaunar nan daidai da yadda yake, amma a kan baƙon da ke zaune a ƙasar, da dalilin cewa su ma sun taɓa baƙunci a Masar. Ko'ina a surar ba a yi zancen shauƙi ko bugun zuciya ba. Ana maganar gona, da lada, da kotu, da kasuwa, kuma bayan kusan kowane umarni Allah yana ambaton sunansa, kamar mai sa hannu a takarda. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma Littafi Mai Tsarki haka ya ɗauki ƙauna tun daga Attaura.

Wannan ya warware wata jayayya da masana falsafa suka daɗe suna yi, cewa ba a iya umartar zuciya ta so, domin so ba ya zuwa da umarni. Gaskiya ne, kuma Immanuel Kant na Jamus ya lura tun a 1785 cewa abin da nassi ke umarta ƙauna ce ta aiki, wadda ke hannun nufin mutum. Ba a tilasta wa kowa ya ji daɗin ganin wanda ya cuce shi, amma ana iya ce masa ya ba shi ruwa idan ƙishi ya kama shi. Sau da yawa masu wa'azi sukan jingina komai a kan kalmar Helenanci agape, su ce ita ce ƙauna ta Allah, sauran kalmomin kuma na 'yan Adam ne. A yi hattara da wannan, domin da aikatau na wannan kalmar ne Yahaya sura 3 ta faɗi yadda mutane suka so duhu, da shi kuma Bulus ya faɗi yadda Dimas ya so duniya ya yashe shi. Ma'anar ba ta cikin ƙamus. Tana cikin labarin da aka ba kalmar ta ɗauka, kamar yadda masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, suka tarar da so da ƙauna da bege a bakin mutane, suka ɗauki ƙauna suka ɗora mata wannan kaya.

Labarin kuwa daga Allah ya faro. Wasiƙar Yahaya ta fari sura 4 ta nuna cewa ƙaunarmu amsa ce, shi ya riga mu. Bulus a Romawa sura 5 ya sa yatsa a kan lokacin: Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, tun muna gāba da Allah, ba a jira muka gyaru ba. Wanda aka yi wa irin wannan alheri dole ya nemi yadda zai nuna godiya, a nan kuma tambaya take tasowa. Me za ka ba Allah? Zabura ta 50 ta tuna wa masu hadaya cewa dabbobin jeji da na tuddai duk nasa ne, ba ya jin yunwa balle a ciyar da shi. Bulus ya faɗa wa mutanen Atina cewa Allah ba ya bukatar hidimar hannun mutum kamar wanda ya rasa wani abu. To ina ƙaunar za ta sauka? Matiyu sura 25 ta amsa. A ranar shari'a Sarki zai lissafta mayunwaci, da mai ƙishi, da baƙo, da marar tufa, da majiyyaci, da ɗan kurkuku, ya ɗauki abin da aka yi musu ko aka hana su a matsayin abin da aka yi masa shi kansa. Allah da ba ya bukatar komai ya zaɓi ya karɓi ƙaunarmu ta hannun masu bukata. Shi ya sa Yahaya bai sassauta ba, ya kira mai da'awar ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci, da hujjar cewa wanda ya kasa da wanda yake gani ba zai iya da wanda ba ya gani ba. Shi ya sa kuma a Matiyu sura 5 aka ce wa mai kawo baiko, idan ya tuna a gaban bagade cewa wani yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je ya shirya da shi tukuna. Allah ya yarda sujada ta dakata domin sulhu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya mai da wannan ma'aunin karatun nassi gaba ɗaya: duk wanda ya fassara wata aya, fassararsa kuma ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, bai fahimce ta ba tukuna.

Saura tambayar da kowace zuciya ke fakewa a bayanta, wato wane ne maƙwabcin. A Luka sura 10 wani masanin Attaura ya yi ta, kuma Luka ya tona dalilinsa, so yake ya baratar da kansa. Iyaka yake nema, domin wanda ya san inda maƙwabtaka ta ƙare ya san inda aka sallame shi. Yesu ya ba shi labarin da muka sani, amma bari mu dube shi kusa. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ba ta wuce kilomita 27 ba, sai dai tana gangarawa daga tudun da ya haura mita 700 sama da teku zuwa kwarin da ya kai kusan mita 250 ƙasa da shi, cikin duwatsu da lunguna, wurin da ya dace da 'yan fashi. Mutumin da suka faɗa wa sun tuɓe shi, sun bar shi rai a hannun Allah. Wannan tuɓewar tana da ma'ana. Da tufa da harshe ake gane ƙabilar mutum, shi kuwa ba riga a jikinsa, ba magana a bakinsa, ba yadda za a yi a san ko na gida ne. Firist ya zo ya ratse, Balawe ma haka, mutane biyu da sana'arsu ita ce doka ta fari. Wanda ya tsaya Basamariye ne. Mu yau mun saba jin sunan da yabo, amma masu sauraron Yesu da ƙyama suka ji shi. A ƙarni na biyu kafin haihuwar Almasihu shugaban Yahudawa Yohanna Hirkanus ya rushe haikalin Samariyawa a Dutsen Gerizim. Masanin tarihi Yusifus ya ruwaito cewa a zamanin ƙuruciyar Yesu wasu Samariyawa sun watsa ƙasusuwan matattu a Haikalin Urushalima lokacin Idin Ƙetarewa. A sura ta 9 ta Luka ɗin nan, wani ƙauyen Samariyawa ya hana Yesu masauki, har Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama, ya tsawata musu. Daga cikin mutanen da suka rufe masa ƙofa jiya ya ɗauko gwarzon labarinsa na yau.

Ku dubi abin da Basamariyen ya kashe. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, guzurinsa ke nan. Ya ɗaure su, wataƙila da abin da ya yago daga tufarsa. Ya ɗora shi a kan dabbarsa, shi ya taka da ƙafa. Ya kwana yana jinyarsa a masauki. Da gari ya waye ya ba mai masaukin dinari biyu, ladan ɗan ƙwadago na kwana biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da aka ƙara kashewa, bashi ba iyaka a kan mutumin da bai san sunansa ba. Sannan Yesu ya juya tambayar. Masanin ya tambayi wa ya cancanci a kira shi maƙwabci, shi kuwa ya tambaye shi wa ya zama maƙwabci ga wanda aka sara. Da wannan juyi iyakar ta rushe, domin yanzu ba a kan wancan mutum ake bincike ba, a kanka ake yi. Akwai kuma wani ɗaci a labarin da bai kamata mu tofar ba: wanda ya cika doka shi ne wanda ake ganin addininsa gurɓatacce ne. Mu a ƙasar nan mun ga irinsa da idonmu. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Yelwan Gindin Akwati ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Mai bin da ya ji wannan labari bai ji an tambaye shi ko shi ma zai buɗe ƙofar coci ga Musulmin da ake kora ba, bai gama karanta Luka sura 10 ba.

A nan wani zai ce, to idan aiki ne ma'auni, kuma wanda ba Kirista ba yana iya yinsa, har ma wanda ya musanta akwai Allah, mene ne amfanin doka ta fari? A bar mutane su kyautata wa juna mana, a huta da zancen sama. Ba zan musanta cewa akwai marasa addini masu tausayi da suka fi masu bi da yawa ba. Amma tausayin ɗan Adam yana da wuraren da yake ƙarewa. Yana ƙarewa inda aka saka masa da butulci, yana ƙarewa inda taimakon zai ci ransa, yana ƙarewa a kan mutumin da ba ya da wani amfani ga kowa. Doka ta fari ita ke riƙe ta biyu a waɗannan wurare, domin ta ɗora darajar mutum a kan siffar Allah da aka halicce shi a cikinta, kamar yadda Farawa sura 1 ta nuna, siffar nan kuwa ba ta goguwa da talauci ko kuturta ko mugun hali. Tarihi ya gwada wannan. Wajen shekara ta 252 annoba ta shiga birnin Kartaj na ƙasar Tunisiya ta yau, mutane suna jefar da 'yan'uwansu a titi suna gudu. Shekara biyu kacal kafin nan sarki Desiyus ya tsananta wa ikilisiya. Duk da haka bishop Siprian ya tara jama'arsa ya ce su yi jinyar kowa, har da waɗanda suka tsananta musu. A daidai wannan zamani wasiƙar bishop Karniliyus ta nuna ikilisiyar Roma tana ciyar da gwauraye da mabukata sama da 1,500. Shaida mafi ƙarfi kuwa daga bakin maƙiyi ta fito. A 362 sarki Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana kukan cewa Kirista suna ciyar da matalautansu suna kuma ciyar da na masu gumaka, ya umarta a buɗe masaukan baƙi a yi koyi da su. Doka ta fari tana yin wani aikin kuma. Wanda ya ba Allah dukan zuciyarsa ba shi da sauran da zai mai da ƙabila ko jam'iyya ko ɗariƙa abin bauta, kuma jini mai yawa aka zubar a duniya don irin waɗannan ƙananan alloli. Luka ya san haka, shi ya sa daga gama labarin Basamariye sai ya kawo Maryamu zaune tana sauraron Ubangiji, Marta tana fama da hidima har ta fara gunaguni. Hannun da ba ya komawa ga tushe yakan gaji, gajiyar kuma takan zama ɗaci.

Wata jayayyar daga hikimarmu ta gida take fitowa: gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Sigmund Freud ma ya yi irinta a 1930, yana ganin zalunci ne ga naka ka daidaita shi da baƙo a ƙauna. Nassi bai yi faɗa da rabin wannan magana ba. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya, Yesu kuma a Markus sura 7 ya tsawata wa masu keɓe dukiya da sunan Allah don su kauce wa ciyar da iyayensu. Akwai tsari, na kusa yana da haƙƙin da na nesa ba shi da shi. Sai dai tsari na nufin inda ake farawa, kuma mun san gidajen da ba su taɓa ƙoshi ba ko da rumbu ya cika ya tumbatsa. Basamariyen yana da iyali, ga dukan alama, amma a wannan sa'a ba su ne kwance a hanya ba. Kusanci iri biyu ne, na jini da na wanda Allah ya sa a gabanka.

Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da wani zargi da ya kamata mu saurara da kunnen gaskiya, cewa alherin Kirista ƙugiya ce da aka sa wa tsutsa. Ba a banza zargin ya taso ba. Lokacin da 'yan mishan suka karɓi jinyar kutare a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1930, sun wanke miki da hannunsu, sun kuma yi fatan majiyyatan za su karɓi bishara, a zamanin da mulki ke hannun Turawa. Mai bi ba ya ɓoye bangaskiyarsa, kuma ba laifi ya yi marmarin wani ya san Almasihu. Laifin yana farawa ne ranar da magani ko buhun masara ya zama farashin tuba. A Luka sura 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne ya dawo godiya, shi ma Basamariye, kuma ba a mayar wa sauran taran da cutarsu ba. Fafaroma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta farko ga ikilisiya da ya sa wa hannu a ƙarshen 2005, ya faɗa a fili cewa ba a amfani da aikin jinƙai don jawo mutane cikin addini. Abin da aka bayar da sharaɗi ciniki ne, kuma ba da ciniki Allah ya same mu ba.

Na zo kan jayayya mafi nauyi, wadda ba daga littafi take fitowa ba, daga bakin gwauruwa da maraya take fitowa. Yesu ya faɗaɗa maƙwabci har ya haɗa da maƙiyi, ya ce a yi wa masu tsanantawa addu'a. Wanda aka ƙone wa gida aka kashe wa ɗa zai ce, wannan ai miƙa wuya ne, kuma lasisi ne ga azzalumi. Ba ni da bakin da zan raina wannan kuka. Amma a lura da abin da aka hana da abin da ba a hana ba. Ramuwa aka hana, wadda Bahaushe ya ce ta gayya ta fi ta gayya zafi, ya kuwa faɗi gaskiya, domin kowane zagaye yana fin na baya muni, garuruwanmu shaida ne. Neman adalci ba a hana shi ba. Ayar da ta zo kafin umarnin ƙaunar maƙwabci a Littafin Firistoci ta ce a tsawata wa maƙwabci a fili idan ya yi laifi. An ce so hana ganin laifi, amma ƙaunar da Almasihu ya koyar tana ganin laifin sarai, tana kiransa da sunansa, ta kuma ƙi yarda mai laifin ya zama ba mutum ba. Da aka mari Yesu a gaban babban firist, ya tambayi mai marin dalilinsa. Da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Romawa sura 12 ta hana mutum ɗaukar fansa, sura 13 ta ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai mugunta. Saboda haka mai bin da ya matsa wa gwamnati ta kama masu kisa ta gurfanar da su yana cikin ƙauna, ƙaunar waɗanda za a kashe gobe idan aka ƙyale. Abin da ba shi da izini a kai shi ne ya tare hanya ya sauke matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko rigarsa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka kafa tushenta a Garkiɗa a 1923, ta ɗanɗana wannan ƙwarai. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Cibok a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban wannan shekara kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi. Ta yi kuka, ta nemi hukuma ta yi aikinta, amma ba ta sauya koyarwarta ta ƙin ramuwa ba. A Gurku ta jihar Nasarawa, wani ma'aikacinta ne ya jagoranci kafa matsugunin da 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi ke zaune tare.

Akwai kuma wanda zai ce, kun iya faɗa, amma tarihinku ya ƙaryata ku. Wannan ba ni da amsar da za ta wanke mu. Agustin ɗin nan da ya mai da ƙauna ma'aunin nassi, shi ne ya goyi bayan a tilasta wa 'yan ɗariƙar Donatus da ƙarfin hukuma. Jiragen da suka kwashi bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma na ƙasashen Kirista ne. A 1994 a ƙasar Ruwanda, inda kusan kowa ke amsa sunan Kirista, an kashe mutane wajen 800,000 cikin kwana 100. A Nyange an rushe coci da katafila a kan 'yan Tutsi aƙalla 1,500 da suka fake a ciki, kotun duniya kuma ta sami limamin cocin, Athanase Seromba, da laifi, ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2008. A 2017 Fafaroma Francis ya roƙi gafara saboda gazawar ikilisiya a wannan kisa. Abin da ya faru a Nyange shi ne abin da ke faruwa duk lokacin da aka raba dokokin nan biyu, aka cika coci da waƙa aka bar ƙabila a kan gadon sarautar zuciya. Da ma'aunin Almasihu kansa muke hukunta wannan limami, kuma ma'aunin bai karye don an taka shi ba. A ƙasar Burundi mai maƙwabtaka, ranar 30 ga Afrilu 1997, 'yan bindiga suka shiga ɗakin kwanan ɗaliban makarantar horon limamai ta Buta da asuba, suka ce Hutu su ware gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi rabuwa. An kashe 40 daga cikinsu a tare.

'Yan'uwa, roƙona gare ku ba mai nisa ba ne. Wanda ke riƙe da ladan mai yi masa noma ko albashin 'yar aikinsa, ya biya kafin ya kawo zakka ranar Lahadi. Dattawan da ke kula da baitulmalin ikilisiya su buɗe littafi su duba nawa ya tafi gini da kayan sauti, nawa ya isa hannun gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, su kuma duba ko akwai sunan wanda ba namu ba a cikin waɗanda aka taimaka wa. Iyayenmu mata, ku lura da abin da yara ke ji a bakinmu game da mutanen wancan gefen gari. Wanda kuma ya san akwai mai ƙara a kansa, ko a gida ko a unguwa, ya je ya same shi cikin makon nan.